Dnipro, garin da aka rufe wa baƙi shekara 28

A watan Oktoban 2021 na hau jirgin ƙasa daga Kyiv zuwa Dnipro a ƙasar Yukren, tafiyar wajen awa shida cikin fili shimfiɗaɗɗe, an gama girbi, ƙasa baƙa wuluk har iya ganin ido. Ɗan yayata da ke karatun likita a can ya tarbe ni a tasha. Muna gama gaisawa ya ce, "Kawu, da zamanin Sobiyet ne, ko ƙofar tashar nan ba za a bar ka ka taka ba."

Da gaskiyarsa. Daga 1959 zuwa 1987 an hana duk ɗan ƙasar waje shiga garin saboda masana'antar Yuzhmash, inda ake ƙera makamai masu linzami masu ɗaukar nukiliya. Ana kuma ƙera taraktoci a wurin, su ne abin da ake nuna wa duniya. Yau ga wasu daga cikin rokokin a wani fili na tsakiyar gari, dab da ofishin gwamnatin jiha, ɗaya tsaye ƙerere, yara na zagaya shi da kekuna. Leonid Kuchma, wanda ya mulki Yukren daga 1994 zuwa 2005, tsohon shugaban masana'antar nan ne. Shi kuwa Brezhnev, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, a Kamianske aka haife shi, nan kusa, kuma da ya samu mulki a Mosko sai ya kwashi mutanen yankin ya cika manyan kujeru da su.

Washegari muka hau tudu zuwa tsohuwar majami'ar garin. A 1787 Sarauniyar Rasha Katarina ta Biyu ta aza harsashinta da hannunta, Sarkin Ostiriya Yusufu na Biyu na tsaye gefenta. Potemkin, na hannun damanta wanda ya tsara garin, ya so ginin ya fi majami'ar Bitrus ta Rum girma. Kuɗi suka ƙare, yaƙi da Turkawa ya taso, shi ma ya mutu. Wadda aka kammala a 1835 ƙarama ce, katangar da ta kewaye harabar ita ce ke bin sawun harsashin farko. Na bi katangar a ƙafa har na dawo inda na faro, a nan na gane girman burin da aka ci. Abin da fada ta kasa, ƙarfe ya yi shi. A 1884 aka shimfiɗa layin dogo da gada a kan Kogin Dnipro, suka haɗa kwal ɗin Donbas da tamar Kryvyi Rih, masana'antun narka ƙarfe suka biyo baya, garin ya tumbatsa har ya doshi mutum miliyan ɗaya.

Sunan gari ma daga nesa ake aiko shi. Yekaterinoslav ne da farko, Sarki Paul na Rasha ya mai da shi Novorossiysk na 'yan shekaru, a 1926 'yan gurguzu suka sa masa Dnipropetrovsk don girmama Grigory Petrovsky, wani jagoransu a Yukren, a 2016 majalisar ƙasa ta yanke shi ya koma Dnipro. Amma jihar, wadda aka kafa a 1932, har yau Dnipropetrovsk take, domin sunanta na cikin kundin tsarin mulki, sai an gyara kundin kafin a taɓa shi.

Mai gidan da yaronmu ke haya, dattijuwa ce tsohuwar ma'aikaciyar haraji, ita ta warware mini tsarin mulkinsu muna shan shayi. Gwamnan jiha ba zaɓensa ake yi ba, shugaban ƙasa ke naɗa shi daga Kyiv. Haka aka naɗa attajiri Ihor Kolomoisky a 2014, aka sauke shi bayan shekara guda. Magajin gari kuwa jama'a ke zaɓa, Borys Filatov ke kan kujerar tun 2015. A 2020 aka dunƙule gundumomin jihar 22 suka koma 7, aka ƙarfafa ƙananan hukumomi da suke kira hromada, inda a lokacin kashi 60 cikin ɗari na harajin albashin ma'aikata ke tsayawa a wurinsu kai tsaye. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, ni da na san yadda kuɗin ƙananan hukumominmu ke maƙalewa a asusun haɗin gwiwa. Ta ce a ƙauyen ƙanwarta da kuɗin aka gyara makaranta da hanya, ko da yake wasu tsofaffi na kuka, ofishin gunduma ya yi musu nisa.

Wata huɗu bayan tafiyata Rasha ta shigo da yaƙi, ofishin gwamnan ya koma hukumar mulkin soja, an dakatar da zaɓe. Ranar 14 ga Janairun 2023 makami mai linzami ya rushe wani dogon gidan kwana a garin, mutum 46 suka mutu. A Nuwamban 2024 kuma Rasha ta gwada sabon makaminta Oreshnik a kan masana'antar rokokin.