Dalilin da ya sa nake barin BitLocker a kashe idan na yi wa kwamfuta fomatin

Yawancin aikin da ke zuwa teburina a shago fomatin ne. Kwamfuta ta yi nauyi, ko bairos ya cinye ta, ko an sayo ta hannu a Beirut Road ta Kano ana so a wanke ta tas kafin a fara aiki da ita. Hannuna ya saba da aikin har ba na tsayawa tunani: a sa filash, a goge, a ɗora sabuwar Windows, mai kaya ya biya ya tafi. Tun watan azumin 2025 na ƙara mataki guda a ciki, wato kashe BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan da ke cikin kwamfuta, kuma ba na tsallake shi ko da layi ya kai bakin titi.

Wata malamar sakandare ce ta zo da laftof ɗinta bayan azahar, ta nannaɗe ta a cikin ɗankwali. An kawo wuta da ƙarfi cikin dare tana jone da caji, da safe ta ƙi tashi. Ina kwance murfin na ji ƙauri tun kafin in ɗora mita. Bod, wato babban allon da duk sassan kwamfuta ke haɗe a kansa, ya ƙone.

"Malam, ni ba kwamfutar ce damuwata ba," in ji ta. "Kundin digirina na biyu ne a ciki. Babi huɗu na gama."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan aikin minti goma ne. Haka na saba. Idan bod ya mutu, ma'ajiyar bayanai yawanci tana nan lafiya, sai a cire ta a jona a wata kwamfutar a kwashe komai. Na zare ma'ajiyar, wato faifan SSD ɗin, ɗan siriri kamar abin gyaran farce, na sa shi a ɗan akwatin da ake jona irinsa da shi, na jona a tawa. Maimakon fayiloli su buɗe, sai na ga ɗan hoton kwaɗo a jikin faifan, da akwati yana neman lambobi 48.

Na juya mata fuskar kwamfutar. Ta ce ba ta taɓa ganin wannan abu ba, ba ta taɓa jin sunan BitLocker ba. Ta faɗa mini kalmar sirrin da take shiga da ita kullum, na ce ba ita ake nema ba. Na ga yadda fuskarta ta sauya, ta nemi benci ta zauna.

Ga abin da ya faru, ga wanda bai san kan abin ba. BitLocker tsari ne da Microsoft ta fito da shi tun zamanin Windows Vista, yana cakuɗa duk abin da ke kan faifai ta yadda ba mai iya karantawa sai mai makulli. Makullin na yau da kullum yana tare da wani ɗan sashe a jikin bod da ake kira TPM, wanda Windows 11 ta wajabta. Muddin faifan yana cikin kwamfutarsa ta asali, TPM ne ke buɗe shi a ɓoye duk lokacin da aka kunna, mai ita bai ma san ana yi ba. Ranar da bod ya mutu, ko aka kai faifan wata kwamfutar, wani lokacin ma sabunta BIOS (manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta) kaɗai, sai a nemi makullin ko-ta-kwana: lambobin nan 48, rukuni takwas, shida-shida.

A da, kwamfutoci ƙalilan ne ke kunna wannan kullen da kansu, don akwai sharuɗɗan da sai na'ura ta cika. Daga Windows 11 ta 24H2, wadda ta fito a Oktoban 2024, aka sassauta sharuɗɗan. Yanzu duk sabon ɗorawa kan kwamfuta mai TPM da Secure Boot (tsarin tsaro na lokacin tashin kwamfuta) na iya kulle kansa, har da Windows Home. Da zarar an shiga da asusun Microsoft, kullen ya kama, a ajiye lambobin a cikin wannan asusun.

Wurin da ruwa ya ƙare wa ɗan kada ke nan a garinmu. Tsarin ya ɗauka mai kwamfuta ne zaune a gabanta lokacin ɗorawa, da imel ɗinsa da lambar wayarsa. A nan kuwa mai gyara ne zaune. Idan Windows ta tsaya ta ce sai an sa asusu, da yawanmu mukan ƙirƙiro wani imel nan take don aiki ya wuce, mu manta da shi kafin magariba. Ban cire kaina ba, na yi hakan sau da dama. Laftof ɗin malamar an yi mata fomatin wata uku kafin nan a wani shago, yaron da ya yi aikin ya buɗe asusu da lambar wayarsa. Mun je tare washegari. Yaron ya bar wurin, maigidansa ya kira lambarsa a gabanmu, ba ta shiga.

Na kai bod ɗin wurin wani abokina da ya fi ni hannu a walda, don da zai tashi ko na rabin awa ne, TPM zai buɗe faifan mu kwashe. Kwana biyu yana kai, bai tashi ba. Babi na ɗaya zuwa na uku mun samo su a imel ɗin da ta taɓa aika wa malamin da ke duba ta. Babi na huɗu da alƙaluman da ta tattaro daga makarantu sun tafi. Da hotunan mahaifinta, Allah ya jiƙansa, waɗanda sai daga baya ta ambata, muryarta can ƙasa.

Daga ranar na daina ɗora Windows 11 haka kawai. Idan ina haɗa filash da Rufus, manhajar da ake zuba Windows a filash da ita, bayan na danna Start yakan fito da ɗan akwatin zaɓuɓɓuka, a ciki akwai layin da ke cewa Disable BitLocker automatic device encryption. Shi nake fara yi wa alama kafin komai. Idan kuma filash ɗin ba da Rufus aka haɗa shi ba, ina jira a kai shafin farko da ake tambayar ƙasa, in danna Shift da F10 (a wasu laftof sai an haɗa da Fn), baƙin allo ya fito, in rubuta:

reg add HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\BitLocker /v PreventDeviceEncryption /t REG_DWORD /d 1 /f

Sannan in rufe in ci gaba. Bayan an gama ba na yarda da ido kawai. Ina buɗe allon umarni da ikon mai gudanarwa in rubuta manage-bde -status, in tabbatar ya nuna faifan ba a kulle yake ba. Idan ya riga ya fara, manage-bde -off C: na warware shi, amma a bar kwamfutar a caji don yakan ɗauki lokaci.

Abu biyu ne ke yaudarar mutane, kuma ni ma sun taɓa yaudarata. Mutum ya kashe kullen a Settings, ƙarƙashin Privacy & security, ya ɗauka an gama har abada. A'a, wannan kashewar tana tafiya tare da tsohuwar Windows. Ranar da aka sake fomatin ana komawa farko. Ɗayan kuma ya fi haɗari ga mu masu gyara. Al'adarmu ce mu raba faifai biyu, C da D, mu ce wa mai kaya ya zuba muhimman abubuwansa a D, fomatin ba zai taɓa su ba. To kullen yana kama D ma, kuma abin da ke buɗe D kai tsaye yana zaune ne a cikin Windows ɗin da ke kan C. Ka goge C, D ya tsaya yana neman lambobi 48. Shi ya sa yanzu kafin in goge komai sai na duba halin da kowane faifai yake ciki.

Wani abokin sana'a ya ce mini ina rage wa mutane tsaro. Maganarsa tana da tushe, ba zan ƙi ta ba. Yadda ni zan zare faifai marar kulle in karanta, haka ɓarawon da ya fizge jaka a tasha zai yi, kalmar sirrin shiga Windows ba za ta hana shi ba. Akwai lauya cikin masu kawo mini aiki, akwai mai kemis da ke ajiye bayanan marasa lafiya, akwai akawun wani kamfani. Su ni da kaina nake kunna musu. Amma muna zaune tare ake yi, da imel ɗinsu na gaske, su shiga asusun a wayarsu a gabana in ga kalmar sirrin tana hannunsu, in buga musu lambobin a takarda kwafi biyu, ɗaya gida ɗaya ofis. Wanda ya aiko yaro da kwamfuta ya ce a yi fomatin kafin la'asar, tasa a kashe zan mayar masa, in rubuta a jikin rasit cewa a kashe take, idan yana so ya zo da kansa mu kunna.

Malamar ta sake zagaya makarantun nan da takardun tambayoyinta, ta sake rubuta babi na huɗu, ya ci mata wajen wata biyar. Da ta sayi wata laftof ta kawo mini, na ce ga tsohon SSD ɗinta lafiyarsa ƙalau, idan an goge shi zai yi aiki kamar sabo, ba sai ta kashe kuɗi ba.

"A'a Malam, kada ka goge," ta ce. "Ka ajiye mini. Wataƙila a samu yaron nan."

Yana cikin durowata a ambulan, na rubuta kwanan wata a bayanta. Lambar yaron tana cikin wayata, ina gwada ta lokaci-lokaci.