Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Hunturun da Kunkuru Ya Yi Rana

Makon jiya na tsaya a inda na sayar da gidan Columbus ta jihar Ohio bayan rasuwar Hajiya. Kafin in ci gaba sai na sake kawo maganar Yaya Sale, domin har yau tana ci mini tuwo a ƙwarya. "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Ya faɗa mini ita a filin jirgin Malam Aminu Kano a 1996, ya maimaita ta waya a 2018 da ya ji na sayi mota zan zauna a cikinta. Har ya ƙara da cewa, "Shekara ashirin da biyu a Amurka, ƙarshenta ka zama kunkuru, gidanka a bayanka." Sunan da ya bi motar ke nan.

Kunkuru Ford ce, tsawonta ƙafa 31. Akwai gado a baya, wani a saman kan direba, murhun gas, firji, da banɗakin da in ka sunkuya wanke ƙafa sai gwiwar hannunka ta bugi bango. Tankunanta uku ne: na ruwa mai kyau, na ruwan wanke-wanke, da na bahaya, wanda kai da kanka za ka sa safar hannu ka jona tiyo ka juye. Wannan ne aka riƙa yi mini dariya a kansa. Amma wanda ya shekara goma sha huɗu yana kwana a bayan kujerar tirela, wannan a wurinsa fada ce. Wasiƙuna kuwa akwatin gidan waya na kama a Livingston ta jihar Texas, kamar yadda masu irin wannan zama da yawa suke yi.

Hunturu biyu na yi a Quartzsite, cikin hamadar Arizona, inda a lokacin dala 180 take ba ka izinin zama a filin gwamnati tun daga tsakiyar Satumba har tsakiyar Afrilu. Da korona ta zo sai Babangida ya ce, "Baba, bana dai ka matso kusa da mu." Na iso Houston a Nuwamban 2020, na faka a ƙofar gidansa. Kwana uku sai ga takarda daga ƙungiyar masu gidajen unguwar, wai dokarsu ta hana ajiye irin wannan mota. Na ga fuskar surukata lokacin da ake karanta takardar. Ba ta ce komai ba, yarinya ce mai ladabi, amma na ga sauƙin da ya sauko mata. Daga baya Ummi, amaryata 'yar shekara shida, ta tona mini cewa in ƙawayen uwarta sun tambaya, cewa take yi Baba yawon buɗe ido yake. Na tattara na koma wani filin haya na motoci irin tawa, tafiyar minti ashirin.

Na ji ciwon abin, ba zan ɓoye ba. Da Hajiya na raye da ba a yi haka ba. Ita ce ma dalilin da na kasa komawa Kano, kabarinta yana Ohio, kuma duk bazara sai na je. Yaya Sale bai taɓa tambayata wannan ba.

Sai ga daren Lahadi, 14 ga Fabrairun 2021, da mugun sanyi ya sauko wa Texas. Ni da na sha ratsa Wyoming a kan babbar hanya ta 80 cikin ƙanƙara, tun ranar Juma'a na shirya. Na cika tukunyar gas, na cika tankin mai da na ruwa, na cire tiyon waje na naɗe, na bar ƙofofin kabad na ƙarƙashin famfo a buɗe don ɗumi ya kai ga bututu. Maƙwabcina a filin yana kallona yana murmushi, wai nan Texas ce. Kafin asubar Litinin wuta ta fara ɗaukewa, har gidaje sama da miliyan huɗu a jihar suka shiga duhu. Ranar Talata sanyi a Houston ya kusa digiri 11 ƙasa da sifili.

Gidan Babangida komai na lantarki ne, har murhu. Daren Talata ya kira ni, muryarsa na rawa: bututu ya fashe a cikin silin, ruwa na zuba a falo, yara suna cikin bargo uku suna kuka. Ya ce zai kunna mota a gareji su ɗan ji ɗumi. Na daka masa tsawar da ban yi masa ba tun yana sakandare, domin hayaƙin nan ya kashe mutane a wannan makon. Na tada Kunkuru, na taho a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai, na faka daidai inda takarda ta hana.

Mu shida muka kwana uku a ciki. Injin ɗumama ɗaki da gas yake aiki, amma fankarsa batir take ci, don haka nakan tada janareta lokaci-lokaci, bututun hayaƙinta na kallon titi. Salla bi da bi muke yi a ɗan lungun da ke tsakanin tebur da wurin wanke kwanuka, muna fuskantar arewa maso gabas. Da aka ce a riƙa tafasa ruwan famfo kafin a sha, mu namu na tanki muke sha. Surukata ta dama kunun gyaɗa a murhun nan nawa, ta durƙusa a wurin da ko juyawa da ƙyar ake yi, ta miƙo mini kofi ta ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Na ce amin. Maƙwabcin da nake zargi da kai ƙarata ma ya ƙwanƙwasa, waya a hannu, yana neman caji. Na ba shi, har da shayi.

Da wuta ta dawo na kira Yaya Sale, na kwashe labarin kaf na faɗa masa, ina jiran abin da zai ce. Ya yi shiru, na ji yana tauna goro. Can ya ce, "To, da kana gida ai da sanyin ma bai gan ka ba."

Takarda ta biyu ta iso bayan kwana goma. Mako mai zuwa zan faɗi wanda ya amsa ta, da rigimar kuɗin gyaran silin.