Kayan da Na Hau Kilimanjaro da Su

Ta hanyar da ake kira Machame muka hau Dutsen Kilimanjaro da ke ƙasar Tanzaniya. A ƙofar shiga, wajen mita 1,800 sama da teku, ana ɗora kayan 'yan dako a kan sikeli, domin doka ba ta yarda a ɗora wa mutum fiye da kilo 20 ba. Na ji daɗin wannan doka har cikin raina. Tun a masaukinmu na Moshi, garin da ke gindin dutsen, na zube kayana a kan gado, ina ɗaga kowanne ina tambayar kaina ko ya cancanci wani bawan Allah ya sa shi a ka ya hau dutse da shi. Wandon jins da ƙarin takalmi duk a can na baro su.

Jaka biyu ake yi. Babbar tana wucewa da ɗan dako tun da safe, ba za ka sake ganinta ba sai a zango da yamma. Ƙaramar ta goyo ita ce abokiyar yininka: ruwan sha, rigar ruwa, tabarau, man kare fata daga rana. Ba mu yi nisa a cikin dajin ba ruwa ya kece, kafin a ce kwabo na zaro rigata. Kayan babbar jaka kuwa kowanne cikin buhunsa da ruwa ba ya ratsawa yake, musamman jakar barci, don idan ta jiƙe babu abin da zai busar da ita kafin dare.

Ko riga ɗaya ta auduga ban ɗauka ba. Auduga tana shan gumi ta riƙe, kana tsayawa hutu iska ta bugo, sanyi ya ratsa ka har ƙashi. Siririyar rigar ulu nake sawa a jikin fata, mai ɗumi a bisanta, sannan jaket mai tare iska. Duk mita 1,000 da aka ƙara, zafi na raguwa da kusan digiri 6, shi ya sa ranar da muka hau wurin da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, muka gangaro zangon Barranco, yini na yi ina tuɓewa ina mayarwa. Takalmina tun kafin tafiya na riƙa yawo da shi har ya saba da ƙafata, kuma na ware busasshiyar safa wadda ba ta fita daga tanti.

Daga zangon Barafu da tsakar dare aka tashi zuwa ƙololuwa. Nan ne ƙananan abubuwa suka nuna amfaninsu. Batiran tocilan ta goshi a aljihun ciki na ajiye su, domin sanyi yana cinye caji. Gorar ruwa na cusa ta cikin safa na kife ta, tunda daga sama ruwa ke fara daskarewa, sai bakinta ya tsira. Safar hannu biyu na haɗa, siririya a ciki, ta yadda ko zif zan ja ba sai na fito da yatsuna tsirara ba.

Gari ya waye kafin mu kai Uhuru, ƙololuwar dutsen, mita 5,895. Saukowa ta fi cin gwiwa, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin ƙafa, sandunan dogarawa biyu ne suka riƙe ni har zangon Mweka.