Daji a Ƙarƙashin Ruwa: Tafiyata Daga Yawuri Zuwa Wara

A Zariya aka haife ni, kuma ruwan da na tashi na sani shi ne Kubanni da Galma, su ma daga kan gada. Saboda haka ranar da mai masaukina a Yawuri ya ce mu bi jirgin ruwa zuwa Wara, inda zan duba busasshen kifi, sai da gabana ya faɗi. Sunan garin kaɗai ya isa ya tuna wa mutum watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a wannan yankin, waɗanda aka ceto kuwa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Amma ya ce akwai wani dattijo Basarke, ɗan ƙabilar masunta, da shi mai masaukin nawa da iyalinsa ba sa shiga jirgin kowa sai nasa. Na ce to, Allah ya kai mu.

Mun sauka kwata bayan sallar asuba. Ƙarshen rani ne, Kwara ta ja baya sosai, sai da muka taka busasshen laka mai tsattsagewa kafin mu kai bakin ruwa. Jirgin na katako ne, dogo, da inji a bayansa. Ana ta lodin buhunan albasa da shinkafa, ga mata da kwandunansu, ga awaki biyu a ɗaure. Dattijon yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa, ba ya kallon kowa sai gefen jirgin. Da wani ya turo babur da buhu uku a kai, sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin katako, ya auna abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi, ya girgiza kai.

"Baba, ai akwai wuri," in ji mai babur.

"Wuri akwai, ɗana. Jirgin ne ya ƙoshi."

Daga baya na gane cewa lodi da abin da ke ɓoye a ƙasa magana ɗaya ce. Duk buhun da aka ƙara, cikin jirgin yana ƙara nutsawa, kuma kututturen da jirgi marar nauyi zai wuce ta kansa lafiya, shi ne zai farke cikin mai nauyi.

Da muka tashi, wani yaro ɗan shekara goma sha biyar, jikan dattijon, ya hau goshin jirgi ya tsaya da doguwar gora. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, da hannu suke zance. Yaron ya karkata tafi dama, kakan ya bi. Ya dunƙule hannu, a rage wuta. Na matsa kusa da Baba, duk sa'ad da inji ya lafa in jefa masa tambaya, shi kuma ya amsa idonsa na kan ruwa.

Ya nuna mini wani wuri da ruwa ya tsage biyu kamar bakin kibiya. Ya ce duk inda ka ga haka, akwai abin da ya tsaya a tsinin kibiyar, ko dutse ko itace. Can gaba ruwan ya yi wani kumburi sumul, kamar bayan ƙwarya, ni kam da nan zan bi don ya fi ko'ina kyan gani. Ya ce fa ne kwance, ruwa ke hawa kansa. Inda launi ya yi fari-fari da ƙananan tattara, yashi ne ya taru. In kogi ya yi kwana, zurfi yana wajen kwanar, yashi yana cikinta. Sai ya nuna zalɓe tsaye tsakiyar ruwa, ya ce tsuntsun nan ba a kan ruwa yake tsaye ba. Haka ma kainuwa: in sauran suna tafiya da ruwa, ka ga wani curi ya tsaya cak, to wani abu ya riƙe shi. Robobin da ke yawo a jere kuwa ragar masunta ce, in ta naɗe farfela za ka tsaya a inda ba ka so, ga kuma rigima da mai raga.

Tsakanin gungu da gungu, wato tsibirai, muka yi ta ratsawa, muna hango Gungawa a gonakinsu na bakin ruwa, har kogin ya fara buɗewa, gaɓar yamma ta yi nisa. Nan na saki jiki, na ɗauka mun fita daga wahala. Nan ne kuma Baba ya ƙara rage wuta.

Ya ce mini, "Malam, yanzu muka shiga daji."

Ban gane ba sai da ya yi bayani. Wannan faɗin duk ba kogi ba ne a da. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye gonaki da garuruwa, aka tashi mutane sama da 40,000. Tsohuwar Busa tana ƙasa, tare da duwatsun da suka ci Baturen nan Mungo Park a 1806, bayan ya wuce ta Yawuri. Itatuwa da yawa kuma a tsaye ruwa ya same su. Rassan sun karye, amma gindin itace irin ƙirya ba ya ruɓewa da wuri, yana nan a tsaye shekara hamsin da ɗoriya. In farin ruwa na damina ya shigo, baƙin ruwa da ke gangarowa daga Gini da Mali ya biyo shi da hunturu, tafkin yakan cika, jirgi ya wuce ta saman dajin ba tare da sanin kowa ba. In ruwa ya janye ƙwarai, kututturan sukan fito fili a kauce musu. Tsakani shi ne masifa, lokacin da kan itacen yake taƙi ɗaya ko biyu a ƙasa. Ga shi ruwan tafki ba ya gudu kamar na kogi, balle ya tsage ya tona asirin abin da ke ciki. In iska ta taso ta yamutsa fuskar ruwan, ko rana ta haske maka ido, ɗan alamar da ta rage ma ta tafi. Abin da ya rage sai sani: tsohuwar hanyar kogin tana nan a ƙasa, babu itace a cikinta, kuma ita Baba yake bi, yana daidaita kansa da wata giginya a gaɓa da wani tsauni can nesa.

Wani matashi a tsakiyar jirgi ya fara ƙorafi, wai kasuwa za ta watse muna nan muna rarrafe, ga wani jirgi can ya wuce mu da gudu. Wasu suka goya masa baya. Wannan abin ya ɓata mini rai, domin na lura fasinja ma suna da hannu a haɗarin ruwa. Su ne masu roƙon a ƙara buhu ɗaya, su ne masu ingiza matuƙi ya yanke hanya, su ne masu cewa a tashi da magariba alhali an hana tafiyar dare. Baba bai tanka ba.

Ba a jima ba yaron ya caka gora, muka ji ƙwas. Ya dunƙule hannu ya ɗaga sama. Kafin in kifta ido Baba ya kashe inji ya ɗago ƙafar injin daga ruwa. Jirgin ya ci gaba da sulalewa, sai na ji wani gurzo a ƙarƙashin tafin ƙafata, tun daga gaba yana tahowa a hankali, katako na kuka. Salati ya tashi. Wata mata ta ƙanƙame jaririnta ta yunƙura za ta miƙe.

"Zauna, 'yata! Kowa ya zauna inda yake, kada wanda ya leƙa!"

Da mun taru gefe guda, da mun kifar da kanmu. Jirgin ya ɗan karkata, ya dawo, ya wuce. Ni da nake daf da baya na gan shi sa'ad da ya fito daga ƙarƙashinmu: baƙi ƙirin, kaurinsa ya kai turmi, gansakuka ta lulluɓe shi, kansa ya tsage ya yi tsini biyu. Wasu 'yan ƙananan kifaye suna zagaya shi. Tsakaninsa da iska bai kai tsawon hannuna ba, amma da muka yi gaba kaɗan na waiwaya, babu komai sai ruwa lumui.

Baba bai tafi ba. Ya sa filafili ya komo da jirgin a hankali, yaron ya ɗauko wata tsohuwar jarka mai ruwan ɗorawa, ya kwanta rub da ciki a goshin jirgi, ya zura hannu har kafaɗa ya ɗaure igiyarta a tsinin itacen. Baba ya ce bara da wannan lokaci ruwa bai sauka haka ba, shi ya sa bai san da wannan ba. Mai ƙorafin kasuwa bai sake cewa uffan ba.

Na daɗe ina kallon jarkar nan tana lilo a bayanmu. Hanyar da dubban mutane ke bi zuwa kasuwa da asibiti da biki, alamarta ita ce jarkar da wani tsoho ya ɗaura don Allah, wadda iska ko wani mai neman jarka zai iya cirewa gobe. Ya kamata hukumomin ruwa su kafa alamu masu ɗorewa, su sare abin da za a iya sarewa a lokacin da ruwa ya janye, su kuma zauna da irin su Baba a rubuta abin da ke kansu tun suna raye. Rigunan kariya a jirginmu ba su kai rabin mutanen ciki ba, kuma yara Baba ya fara miƙa wa.

Mun isa Wara da hantsi. Mutane suka watse cikin kasuwa, ni na tsaya in yi masa godiya. Na same shi a tsugune cikin jirgi, ya ɗage katakon shimfiɗa, yana bin inda itacen ya gurza da yatsa. Wuri ɗaya yana tsattsafo da ruwa. Ya yagi tsumma, ya tura shi cikin tsagar da bakin wuƙa, ya danna da babban yatsa. Na tambaye shi ko zai koma Yawuri da yamma, don in biyo shi.

"Ka nemi wurin kwana, Malam," in ji shi. "Sai gobe, in rana ta ɗaga."