Iskar da ke riga hadarin dare isowa

Zafin rana ne ke ɗaga iska mai laima sama har ta haɗa hadari, saboda haka kamata ya yi a ce hadari ya mutu da faɗuwar rana. Amma mu a Zariya mun san ba haka abin yake ba, domin yawancin ruwan da ke cika mana kududdufai daga gabas yake tasowa, sau da yawa ya fara haɗuwa da la'asar a kan tsaunukan Jos, ya kama hanyar yamma, ya iso mana bayan mutane sun kwanta da ƙarfinsa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke raya shi cikin duhu wata igiyar iska ce da shi kansa yake haifarwa, kuma a ganina ba a ba ta kulawar da ta dace da ita ba.

Da dare ƙasa tana sakin zafin da ta tara, sai iskar da ke dab da ita ta yi sanyi da nauyi, ta kwanta lakadan, kaurinta 'yan ɗaruruwan mita, iska mai ɗumi kuma tana bisanta. Shi kuwa hadari, ruwan da yake zubarwa yana sanyaya iskar cikinsa, ta faɗo ƙasa ta bazu gaba. Idan wannan iskar ta bugi waccan da ke kwance, sai ta tunkuɗa ta sama, tudun da ya taso kuma ya ci gaba da gudu shi kaɗai, kamar yadda ruwan kwata ke shiga kududdufi ya tura tudun ruwa can gaba da inda shi ya kai. Wannan tudun mai gudu shi ne igiyar, takan kuma yi gudun mita 10 zuwa 20 a daƙiƙa, ta bar hadarin da ya haife ta a baya da nisan kilomita masu yawa.

Wanda ya saba kwana a tsakar gida a watan Mayu ya san iska iri biyu. Akwai mai zuwa da sanyi da ƙura da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wadda ruwa ke bin bayanta nan da nan. Akwai kuma wadda takan taso kwatsam ta buga ƙyaure, ta kaɗa kwanon rufi, a kwashe tabarmi da yara a shige ɗaki, ta lafa ta sake tasowa sau biyu ko uku, amma zafi bai ragu ba, walƙiya kuma tana can nesa. Ta biyun ce ta yi daidai da alamomin wannan igiya: nauyin iska ya yi tsalle a kan ma'auni ya tsaya a sama, iska ta sauya alƙibla, zafi kuwa bai sauka ba, wani lokaci ma yakan ɗan ƙaru saboda iskar sama mai ɗumi ta gauraya da ta ƙasa.

Muhimmancinta shi ne iskar da ta ɗaga ba ta komawa inda take da wuri. Laima tana hawa inda za ta iya zama gajimare, sabon hadari ya samu wurin tasowa a gaban tsohon, tafiyar kuma ta ɗore har asuba.

A Amurka an yi babban bincike mai suna PECAN a tsakiyar 2015, inda aka baza jiragen sama da motoci masu rada (na'urar hango hadari daga nesa) a filayen Kansas da kewaye domin hadarin dare, aka kuma tabbatar cewa wannan igiya aba ce da ta saba faruwa. A arewacin Ostireliya ana ganinta da ido, dogon gajimare naɗaɗɗe da ke ratsa garin Burketown da sassafe tsakanin Satumba da Nuwamba, tsawonsa yakan kai ɗaruruwan kilomita.

Mu ma muna da dare mai lafawa, da laimar damina, da babban hadari, muna kuma da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, waɗanda sauyin iska kwatsam da lokacin saukar ruwa suka shafi aikinsu kai tsaye. Sai dai tsallen nauyin iskar cikin 'yan mintuna yake aukuwa, don haka ma'aunin da ake dubawa sa'a-sa'a ba zai kama shi ba. Ina fatan ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello za su jera ma'aunai masu rubutawa kowane minti daga Soba zuwa Samaru kafin bazara mai zuwa.