Majami'armu Ta Bayan Layin Dogo

Mu ba da niyyar kafa majami'a muka fara ba. Nisa ne ya haɗa mu. A farkon shekarun 1980 muna zaune a wata sabuwar unguwa da ke bayan layin dogo, can gefen Zariya, inda gidaje suka fara cin gonaki. Uwar majami'armu tana Sabon Gari, kuma da damina, in rafi ya kawo, tsofaffi da masu goyo sai dai su haƙura da sujada. Sai wani dattijo, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ba mu zaurensa muna addu'ar yamma ranar Laraba. Daga Laraba aka koma har da Lahadi.

Tarkacen mutane ne mu: leburorin jami'a, ma'aikatan kamfanin taba, matan sojoji, 'yan Kudancin Zariya kamar yadda ake ce musu a lokacin, mutanen Filato da Gongola, da wasu 'yan'uwa da suka fito daga ƙauyukan Maguzawa na wajen Giwa. Kowa da yarensa a gida, amma in an buɗe Littafi Mai Tsarki Hausa ce ke haɗa mu. Tsofaffi na riƙe da tsohon juyi na 1932, matasa na riƙe da sabo, in ana karatu tare sai ka ji bakuna sun rabu a tsakiyar aya. Ni aka ɗora wa aikin magatakarda, ba don na fi kowa ibada ba, don rubutuna yana karantuwa ne kawai.

Da zaure ya yi mana kaɗan, aka shiga maganar fili. A nan ne mai bisharar da uwar majami'a ta turo mana ya yi abin da wasunmu suka ga kamar ɓata lokaci. Mun riga mun daidaita da mai gona, kuɗi na hannu, amma ya ce ba za a biya ko kwabo ba sai an je gaban mai unguwa. Muka je da goro, muka cire takalma, muka zauna a ƙasa.

"Ranka ya daɗe," in ji mai bishara, "mu 'ya'yanka ne, a ƙarƙashinka muke kwana. Wurin ibada muke so mu gina, ba mu so ka ji a bakin wani."

Mai unguwa ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Malam, kun kyauta da kuka zo. Abu biyu zan roƙe ku. Kada ƙofarku ta kalli masallaci, kuma in ana kiran salla a sassauta kiɗa."

Muka amsa. Ya aika aka kira liman da dattawa biyu, aka yi cinikin a gabansu, suka sa hannu a takarda. Daga baya muka bi ta hukuma don neman takardar mallaka, tunda dokar ƙasa ta 1978 ta mayar da filayen birni hannun gwamna. Wannan kam ta ci mana shekaru da takalma. Amma duk lokacin da wani ya taso da cewa gonar kakansa ce, ba takardar hukuma ce ta fara kashe maganar ba, shaidar dattawan nan ce.

Rumfar zana muka fara yi, da kujerun kututture. Muna tara kuɗin bulo sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986. Darajar naira ta faɗi, siminti ya yi tashin gwauron zabi, aka fara rage ma'aikata. Abin da muka tara ya koma ba ya sayen rabin abin da muka yi lissafi. Matasa suka ce a jira. Dattijon nan mai zaure ya ce su je Wusasa su ga majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki, wadda aka gina da ƙasa tun 1929, lokacin da mishan ɗin da Likita Miller ya kafa ya tashi daga cikin birni ya koma can, kuma har yanzu tana tsaye. In ƙasa ta ɗauki waɗancan, me zai hana ta ɗauke mu?

Aka kira gayya. Maza na haƙa da kwaɓa, yara na jido, mata na kawo ruwa daga rafi. Maginin da ya ja mana aikin Bazazzagi ne, Musulmi, kuma shi ya hana mu gaggawa: a ɗora sahu, a bari ya sha rana, sannan a ƙara. Kuɗin kwano kuwa daga Zumuntar Mata ya fito. Kowace mace in za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi hatsi cikin tafin hannu ta zuba a wata ƙwarya daban. Ƙarshen wata a haɗa, a auna da mudu, a kai kasuwa. Na rubuta baikon manyan mutane da yawa a littafina, masu alkawari a gaban jama'a ranar godiya, waɗanda sai an yi ta sintiri kafin a ga rabi. Hatsin matan nan bai taɓa makara ba.

Wani abu da muka ɗauka tun daga rumfa shi ne ƙirga baiko a fili. Mutum uku ke ƙirgawa, ba 'yan gida ɗaya ba, ba kuma 'yan ƙabila ɗaya ba, sannan Lahadi mai zuwa in tashi in karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, har kuɗin kananzir. Mutane na gunaguni wai ina tsawaita sujada. To, na ga majami'un da tsanani bai raba su ba amma akwatin baiko ya raba su.

Ba mu cika shekara a ƙarƙashin kwanon ba sai ga watan Maris na 1987. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu cikin 'yan kwanaki zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona majami'u da yawa a garin nan. Tamu na ciki. Waɗanda suka zo ba 'yan unguwarmu ba ne, wannan zan iya faɗa ko a gaban wa. Iyalina da na mai bishara a gidan wani maƙwabcinmu mahauci muka kwana, ya sa mu a ɗakin uwargidansa, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna har gari ya waye. Da ƙura ta lafa muka je muka tarar kwano ya lanƙwashe, kujeru da littattafan waƙoƙi sun zama toka. Bangon ƙasa kuwa yana nan, ya yi baƙi ƙirin amma ko tsagewa bai yi ba.

Taron da muka yi bayan wannan shi ne mafi zafi da na taɓa rubutawa. Kashi ɗaya suka ce a sayar da filin a koma inda Kirista suka fi yawa. Ba zan ce ba su da hujja ba. Mutumin da ya kwana yana toshe bakin jaririnsa kada a ji kukansa, ba ka da bakin ce masa matsoraci. Wasu iyalai sun tashi, wasu ma sun koma garuruwansu gaba ɗaya. Shugabar Zumuntar Mata ce ta juya taron. Ta ce wa mai bishara, "Baba, in mun tashi, me za mu ce wa mutumin da ya kwana a ƙofa dominmu? Mu ce masa ba mu yarda da shi ba?" Aka yi shiru. Muka zauna.

Lahadin farko a cikin bangon muka yi sujada, rana na dukanmu, mata na kaɗa tulu da kacau-kacau. Mai unguwa ya aiko da azara. Ba ta isa ko kusurwa ɗaya ba, amma mun sa ta a inda kowa zai gani.

Girman da muka yi bayan nan ba ta hanyar manyan tarurruka ya zo ba. Mun haƙa rijiya, kuma da gangan muka sa ta a bakin hanya, ba a cikin haraba ba, kowa ya ɗiba. Matar mai bishara ta buɗe ajin yaƙi da jahilci da yamma, daga baya ya zama 'yar makarantar yara. Ɗaliban jami'a da na sauran makarantun Zariya da ke haya a unguwar suka riƙa koyar da Makarantar Lahadi. In an yi rasuwa a gidan Musulmi muna zuwa gaisuwa, in Kirsimeti ta zo shinkafa na zagaya gidaje, da Babbar Salla nama na shigo mana. Da muka kai matsayin a ba mu fasto namu, sai muka zagaye tsohon ginin da bulo, ana sujada a ciki ana gini a waje, har ranar da aka rushe na ƙasan. Tsofaffi sun yi hawaye. Ni ma ban so ba, amma mutane sun riga sun fara tsayuwa a taga.

Rikicin Kaduna na 2000 da na bayan zaɓen 2011 sun girgiza mu, sai dai wuta ba ta sake shigo mana ba. Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin, dattawanmu da na masallaci kan zauna a ƙofar mai unguwa, matasan ɓangarorin biyu su tsare mashigar unguwa tare. Abin da ya sauya mana zama shi ne ranar 17 ga Yuni, 2012, da aka kai harin bam majami'ar Katolika ta Sabon Gari da ta ECWA a Wusasa, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muka ja katanga, muka sa ƙofar ƙarfe, aka hana shiga da mota, aka fara binciken jakar mata.

Na goyi bayan katangar, kuma ko yau aka sake tambayata zan goya. Amma ta ci mana wani abu. Da, mai wucewa kan leƙo ya gaishe mu, yaran maƙwabta na shigowa wasan ƙwallo a harabar. Yanzu akwai matasanmu da suka girma ba su san sunan limamin da ke bayan katangarmu ba, kuma da yawansu daga wasu unguwanni suke zuwa, su yi sujadar Turanci ta safe su hau babur su tafi. Mun fi da yawa, mun fi da kuɗi, amma ba mu kai da zama 'yan unguwa ba. Shi ya sa dattawa suka mayar da ziyarar barka da salla wajibi a kan shugabannin matasa, ba a kan masu furfura kaɗai ba. Suna zuwa, wasu da fara'a, wasu kamar an aike su karɓo bashi.

Bana ikilisiya ta yanke shawarar buɗe reshe a wani ƙauye da ke kan hanyar Giwa, inda 'yan'uwa ke taruwa a ƙarƙashin ɗorawa. Kwamitin matasa ya kawo zanen gini mai hawa da kiyasin kuɗi. Majalisar dattawa ta ajiye zanen tukuna, ta ware kuɗin goro da na rijiya, ta kuma sa ranar da za a je gaida dagaci bayan an gama girbi. An ce ni zan raka su, tunda gwiwata har yanzu tana yarda in zauna a ƙasa.