Abin da lissafin ƙarin ruwa bai gaya mini ba

Muna ɗalibai, lissafin ƙarin ruwan yara ne abin da muka fi saurin haddacewa. Likitoci biyu, Holliday da Segar, suka fitar da shi a 1957: kilo goma na farko na nauyin yaro mililita 100 kowane kilo a yini, goma na biyu 50, abin da ya haura ashirin kuma 20. Yaro mai kilo 23 ke nan zai samu 1,000 da 500 da 60, jimla 1,560, wato 65 a awa. Mai gaggawa ya yi 4-2-1, wato mililita 4 da 2 da 1 kowane kilo a awa bisa wannan rabon, ya samu 63, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Da na fara aiki a ɗakin yara, na ɗauka magana ta ƙare a nan. Wata yarinya mai ciwon huhu ce ta koya mini hankali. Na rubuta mata cikakken adadin, lissafina babu kuskure ko ɗaya. Washegari sai barci take yi, ga amai, gwaji ya nuna sodiyam, wato gishirin jininta, ya sauka ƙasa da 135, adadin da bai kamata ya gaza ba. Babban likitanmu bai yi faɗa ba, tambaya kawai ya yi: "Nawa ta yi fitsari tun jiya?" Na yi tsuru-tsuru, don ko takardar da ake rubuta yawan fitsarin ban duba ba.

A ranar na fahimci cewa jikin yaro marar lafiya yana riƙe ruwa. Ciwon huhu, sanƙarau, tiyata, har zafin ciwo da tashin zuciya suna sa jiki ya saki sinadarin da ke hana ƙoda zubar da ruwa. In aka ɗora masa ruwa mai ƙarancin gishiri, gishirin jini ya ragu, ƙwaƙwalwa ta kumbura, wani har jijjiga yake yi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2018 a riƙa ba da ruwan da gishirinsa ya yi daidai da na jini, kuma irin waɗannan yaran sau da yawa kashi biyu cikin uku na adadin da lissafi ya bayar ake ba su.

Jariri ɗan ƙasa da wata guda da yaro mai tamowa kuwa, nasu tsarin daban ne.

Yanzu ba na rubuta komai sai an ɗora yaro a sikeli, ƙiyasin ido ya sha ba ni kunya. Kowace safiya ina duba fitsari da nauyi da sodiyam, in kuma yaro ya fara sha da bakinsa, sai in ce a rage ɗigon.